Kart ɗin Maman Mai Rijiya

Kwano ɗari da goma sha huɗu nake bin Maman mai haƙar rijiya, mutumin Kance. Yawanci tuwo ne, sai shinkafa da wake ran da ya so ya yi wa cikinsa gata. Ban sa shayi a ciki ba, don shayi ni ke cewa a zuba masa, abin da na bayar da bakina kuwa ba na bin sa.

Sunana Tabita, mutuniyar Tsibiri. Shekara ashirin da uku ke nan ina tuƙa tuwo a Tamanrasat, a unguwar Gat-el-Wad inda 'yan ƙasarmu suka fi taruwa. Leburorin shantiye, wato wurin aikin gini, su ne masu cin abincina, da masu dako a kasuwa, da duk wanda ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, bai san kowa a garin ba. Ban yi lekkol ba, wato boko, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma ba a taɓa cin kwano a gidana ya ɓace mini a kai ba.

Doka ɗaya gare ni. Wanda bashinsa ya wuce kwano goma, sai ya kawo kart ɗinsa na ɗan ƙasa in sa a akwatina. Su ma ba su ƙi, don a shantiye kart yakan jiƙe ko ya faɗa cikin kwaɓin sima na gini, kuma a garin nan ba ya hana a kama mutum. Ranar komawa gida yake da amfani. Daga Asamaka, bakin iyaka, zuwa Damagaram, duk shingen da mota ta tsaya sai an sauke marar kart ya je ya yi bayani a rana, wani lokaci ma motar ta tafi ta bar shi. Saboda haka ba mai tafiya gida sai ya biyo ta ɗakina. Ina gane kowane da hoton fuska da kalar zaren da na ɗaura masa. Na Maman baƙin zare ne, ba da gangan ba, shi ya rage mini a lokacin.

Abin da ya haɗa ni da shi bayan tuwo, Baƙo ne, ɗan ƙanena marigayi. Da ya zo shekara biyar da suka wuce, ƙato ne mai ƙarfi da saurin fushi, ba sana'ar komai. Ni na roƙi Maman ya ɗauke shi riƙon igiya. Aikin rijiya na mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa yana haƙa, ɗaya a baki yana jan guga, shi ke saukar da na ƙasan, shi ke fito da shi. Wata uku suka yi a lambunan Hirafok, rijiya huɗu, ko tsakuwa ba ta faɗo wa Maman a ka ba. Sai ɗan 'yar'uwar Maman ya iso daga Kance yana neman aiki. Maimakon ya ce wa Baƙo ga nawa ya zo, ka yi haƙuri, sai ya tsaya a ƙofar gidana, bakinsa da maiƙon miyata, gaban mutum goma, ya ce shi ba zai ƙara rataya ransa a igiyar da wanda ba ya kallon gabas ke riƙewa ba. Wata uku yana rataye bai tuna da gabas ba. Khamisu mai kanti, wanda ya fi shi salla ya fi shi karatu, nan take ya ce masa ya ji kunya. Baƙo kuwa sai da maza uku suka riƙe shi. Ya rantse ko wuta ya ga tana cin Maman, in da ruwa a hannunsa shanyewa zai yi.

Ban hana Maman tuwo ba. A lokacin yana biya.

Bara ƙirjinsa ya kama. Shekara talatin yana shaƙar ƙasar rijiya, dole wata rana ta nemi wurin zama. Aka fara da tari, sai rama, sai ƙafafu suka kumbura, daga nan kwanukan suka fara hawa. An kai shi likita sau biyu, suka yi iyakar abin da za su iya, suka ce in yana da gida a kai shi. Ɗan 'yar'uwar nan tuni ya haye Oran, wayarsa ba ta shiga. Mutanen Kance a garin nan sun fi ɗari biyu. Kowa ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce sannu, ya ajiye lemo biyu, ya kaɗe riga ya tashi. Da aka ce wa zai raka shi, sai kowa ya tuna akwai ginin da ba a gama ba. Ban ga laifinsu sosai ba, don wanda ya fita ƙasar nan, dawowa sai da kuɗin aikin wata huɗu a aljihu da tafiyar ƙafa cikin rairayi. Amma su rage kiran junansu ɗan'uwa a gabana.

Mu Kirista a unguwar ba mu kai goma sha biyar ba. A ɗakina na tsakiya muke taruwa ran Juma'a da safe, don a nan ƙasar Lahadi ranar aiki ce. Mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, wanda ya iya karatu ya karanta, a yi addu'a a sha kunu. Baƙo da can yana zuwa ne don wanda bai zo ba ba na sa masa nama. Ban san ranar da abin ya shige shi ba. Na dai ga ya daina dawowa da fasasshen leɓe, kuma in ana karatu ya daina kallon ƙofa.

Cikin masu zuwa akwai Irmiya, ɗan Dogon Dutsi, wanda Ubangiji ke yi wa magana kusan kowane mako. An ce masa ya bar dako don ya fi ƙarfin dako. An ce masa ya sayi babbar waya. Sau biyu aka ce masa ya nufi Oran, sau biyu aka maido shi a bayan mota. Shi ma kart ɗinsa na akwatina, kuma a kan wannan ba a taɓa ce masa komai daga sama ba. Saboda irinsu ne, duk wanda ya ce mini Allah ya yi masa magana, nakan fara duba abin da zai ci a ciki. Ban taɓa dubawa na rasa ba.

Ni kuma ina da nawa shirin a kan Baƙo. Akwai wani Alhaji Ahamuk mai lambu a Utul, yana neman wanda zai zauna masa. Ban ruwa ne da gadin injin famfo, ga ɗaki mai ƙofa, ga albashi kowane wata, kuma 'yan kame ba su cika leƙa can ba. Shekara biyu ina bin aikin nan. Bikin 'yarsa ni na tsaya kwana biyu ina toya waina ban karɓi komai ba. Matarsa ta yi ciwon gwiwa, na hau mota da tsufana na kai mata man shafawa. Ranar da ya ce Baƙo ya zo ya fara ran Asabar, na dawo gida na zauna na miƙe ƙafa. Na ce yanzu yaron zai yi aure, ƙanena ya huta a kabarinsa.

Juma'ar da gobenta Asabar ɗin, bayan an watse, Baƙo ya tsaya yana naɗe tabarmi, abin da ba ya yi. Ya ce yana da magana. Ashe mako biyu ke nan kullum kafin ya tafi shantiye yana biyawa kangon da Maman ke kwance, ya ɗaga shi ya kai shi bayan gida, ya wanke shi, ya wanke shimfiɗa. Ni ina nan ina zargin mutane da satar sabulu. Ya ce Khamisu yana da kamiyo da zai tashi ran Litinin da makaroni da dabino, ya ba da wuri biyu a gaba kyauta har Agadas. Abin da ya rage kart ɗin Maman.

Na tambaye shi wuri na biyun na wa ne.

"Nawa ne, Gwaggo."

"Wa ya aike ka?"

"Ina ganin Ubangiji ne."

"Da wace murya? Da Hausar Tsibiri ya yi maka magana ko da ta Kance?"

Ya ce bai ji murya ba, bai yi mafarki ba. Ranar farko wucewa ya zo yi ya ji wari, ya leƙa, ya ga mutumin kwance cikin ƙazantarsa, ya wuce abinsa har da jin daɗi. Ya kai shantiye ya kasa ɗaga bulo. Ya koma. Tun daga ranar kullum yana roƙon Allah ya aiko wanda zai kai tsohon nan gida, yana kiran sunayen mutanen Kance ɗaya bayan ɗaya, ko an manta da su ne. Mako biyu ba wanda ya zo. Kullum shi kaɗai ke tsaye a ɗakin da bokiti a hannu.

"Sai na gane an riga an aiko," ya ce. "Ni ne ban so ba."

"Yanzu kana so?"

"Ko kaɗan. Har yau in ya buɗe baki ji nake kamar in sake shi ya faɗi. Lambun nake so, Gwaggo. Jiya ma na je na tsaya a tasha ina kallon motocin Utul."

Na duba abin da zai ci a ciki. Na juya maganar ta gaba, na juya ta baya, ban samu ko tsinke ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Na ce masa Allahn da ya ba shi hankali bai ce ya ninke shi ya ajiye ba. Na ce girmama iyaye ma umarni ne, kuma a garin nan ni ce uwarsa ni ce ubansa. Na tuna masa maganar igiya, kalma kalma, har da inda kowa ke tsaye ranar. Na tambaye shi in ya fita da me zai dawo, wa zai riƙe masa lambu, wace yarinya za ta jira mai rakiyar gawa. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce duk gaskiya ne, bai san yadda zai dawo ba, ba a nuna masa wannan ba tukuna, Litinin kawai aka nuna masa. Na ce to ni ba a nuna mini komai ba sai kwanukana, kart kuwa yana inda yake.

Da azahar ta wuce na yafa mayafi na tafi in ga mai bashin. Kangon gidan wani ne da aka fara aka bari, ba ƙofa sai tsohon bargo. Na same shi a jingine da bango, ya zama ƙashi da idanu, ƙafafun kamar turmi. An share ɗakin tas, an rufe ruwan sha da faranti. Shimfiɗar da yake kai zanen gadona ne mai shuɗin fure, wanda na yi kwana goma ina nema.

"Uwar tuwo," ya ce. "Kin zo ganin kwanukanki? Duba da kyau, ko ɗaya bai kama jikina ba."

Na ce na zo ne in ga mutumin da bai yarda ɗanmu ya riƙe masa igiya ba, yau wa ke riƙe masa wando.

Tari ya kama shi, na jira ya gama, ban miƙa masa ruwa ba. Ya ce sau uku ya kori yaron, ya zage shi, ya jefe shi da kofi, yaron ya ɗauki kofin ya wanke ya maido. Ya ce bai roƙe shi ba, ni ma ba zai roƙe ni ba. Ga igiyarsa can, ga diga, ga gajeren shebur, in sa a kwashe mini. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an tuƙa tuwo da diga. Sai ya ce yana da ɗiya a Kance, Rakiyatu, tana rarrafe ya fara fitowa, yanzu 'ya'yanta huɗu, biyu bai taɓa ganin su ba. Bai faɗe shi da muryar roƙo ba, bango yake kallo.

"Ba mutuwar ce ta dame ni ba," ya ce. "Garin nan in an binne ka, bayan shekara ɗaya ba wanda ya san wane dutse ne naka."

Na ce da ya yi wannan tunanin tun yana kwano na tara. Na fito.

Da la'asar, lokacin da tsakar gidana ke cike da masu ci, sai ga Khamisu. Ya gaishe ni a tsanake, ya ajiye wani ƙulli a leda kan tebur, ya ce 'yan kasuwa ne suka haɗa, na kwanukan Maman ne cif, in taimaka in fito da kart. Kowa ya daina tauna. Shekara ashirin da uku ba a taɓa ajiye haƙƙina a gabana ya yi sanyi ba. Na sa bayan cokali na tura masa ledar. Na ce Maman ya ci, ban ga 'yan kasuwa sun ci ba.

Khamisu ya dube ni, ya rage murya don mutane.

"Inna, ba Maman kike riƙewa ba. Ɗanki kike riƙewa da kart ɗin wani."

Na ce ya ɗauke ledarsa kafin miya ta zube a kai, kuma in ya ƙara aiko mini da man girki irin na wancan makon zan koma wajen maƙwabcinsa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kawo maganar mai. Abin da na tsara ke nan: in na ja har Litinin ta wuce, kamiyo ya tafi, Baƙo ya riga ya kama lambu, Maman kuwa ba daɗewa zai yi ba, a yi masa sutura a nan kamar kowa. Har na yanke zan ba da likkafani. Ban ji kunyar tunanin ba a lokacin, dabara na gani.

Asabar da safe Baƙo ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya hau motar Utul. Na ce ashe ya dawo cikin hankalinsa. Ranar kowa ya ga nama biyu a kwanonsa, suna ta kallon juna. Kafin azahar sai ga shi ya shigo da kabewa a kafaɗa. Zuwa ya yi ya gode wa Alhaji, ya ce ya nemi wani, kada tumatir ya bushe ana jiran sa. Alhaji ya ce a gaishe ni. Shekara biyu, waina kwana biyu, hawa mota da ciwon baya, duk suka dawo mini kabewa ɗaya. Kafin rana ta faɗi Irmiya ya ji an ce masa ya tashi ya tafi Utul, kuma an ɗauke shi.

Na ɗaga muciya, na ga yaron ya fi ni tsawo da kamu biyu, na sauke.

"To yanzu ba lambu, ba kart," na ce. "Me ka samu?"

Ya ce ya san inda makullin akwatina yake, cikin tulun nan da ba a zuba ruwa, tun shekarar da ya zo ya sani. Ba zai taɓa ba.

"In kin bayar, mu tafi Litinin. In ba ki bayar ba, in ci gaba da wanke shi a nan har ya cika. Nawa ke nan, Gwaggo. Kart ɗin kuwa tsakaninki da Shi ne."

Yaron da na goya ranar sunansa, yau shi ke nuna mini tsakanina da wa. Ya ajiye kabewar a hankali ya tafi faskare.

Ran Lahadi ina kan tukunya ta biyu na fara yi wa Ubangiji magana, yadda nake yi wa kowa. Na ce masa shekara hamsin ke nan tun da aka yi mini baftisma, bai taɓa aikena ko'ina ba sai bakin murhu, ban yi ƙorafi ba. Ya tashi yin aike, ga Irmiya a lokacin zaune ba aikin fari, ga mutanen Kance ɗari biyu, duk ya tsallake su ya ɗauki ɗaya tilo da na sha wahala a kansa. Na ce in haka ake yi, ni ban ga tsari a ciki ba. Ba a amsa mini ba. Ni dama ba a amsa mini, sai dai in ji ƙarar tuwo.

Ina cikin tuƙin ne na lura da abin da ya kamata mai ciniki irina ta gani tun jiya. Kart ɗin nan ba ya riƙe komai yanzu. Baƙo ya riga ya tafi, ko da ina jin gatarinsa a bayan ɗaki. Lambun ya tafi. Abin da ya rage a akwatin tsoho ne mai tari da jikokin da bai gani ba. Jinginar da ba ta riƙe maka komai, in ka ci gaba da riƙe ta mugunta ce kawai, kuma ni ba don mugunta na kafa dokata ba.

Amma kwanukan fa? Ledar Khamisu na riga na tura ta gaban mutane, ba zan aika a ce ya maido ba. Yafewa kuwa ban iya ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙaryar na iya ba. Sai na tuna yadda ake yi ko a Tsibiri ko a nan. Wanda ya yi aike shi ke da ɗawainiyar tafiya. In Khamisu ya aiko direbansa ya ci tuwo kafin ya kama hanya, Khamisu nake bi, ba na tare direban a ƙofa. To in gaske ne Ubangiji ya aiki Baƙo ya ɗauki Maman, ai ba rabinsa ya ce ya ɗauka ba, da shi da abin da ke kansa ne. Na faɗa masa haka a fili, muciya a hannuna. Na ce kwano ɗari da goma sha huɗu, daga yau a kanka suke.

Abin da ya dame ni, ba ni da abinsa da zan sa a akwati. Tun da nake ban taɓa barin bashi ya wuce goma ba jingina ba, ga shi zan ba da fiye da ɗari a kan magana kawai, maganar ma ni kaɗai na yi ta. Na tsaya a wurin har tuwon ya fara kamawa, wani lebura ya leƙo ya ce Inna ana ƙauri. Na ce masa wanda ya biya shi ke jin ƙauri.

Litinin da sassafe na tafi garejin Khamisu da ƙullin dambu a ka. An riga an ɗaure kaya, an shimfiɗa wa Maman katifa a bayan kujerar direba, Baƙo na tsaye a gindin mota da 'yar jakarsa, alhali bai san ko zan zo ba. Wannan ma ya ba ni haushi. Na ciro kart ɗin daga bakin zane, na tsinke zaren da haƙori, na miƙa wa Baƙo. Khamisu ya kai hannu aljihu, na ce ya bar shi, na samu mai biya. Ya tambaya wa, na ce wanda ya fi shi kanti.

Baƙo ya miƙa wa Maman. Tsohon ya daɗe yana kallon hoton, wani mutum ne mai kumatu da baƙin gemu.

"Tabita," ya ce, "in na isa zan sa a sayar da akuya."

Na ce ya bar wa jikokinsa akuyarsu, ba shi nake bi ba yanzu, kuma kada ya mutu a hanya ya sa ɗana ya yi asarar banza.

Baƙo ya durƙusa a gabana nan cikin man mota. Na ɗora masa hannu a ka, na ce Wanda ya aike ka ya san hanya, ni ban sani ba. Na ce dambun na mutum biyu ne na kwana uku, kada ya raba wa duk wanda ya kalle shi. Motar ta tashi, na juya, don akwai wake a wuta.

Kwana takwas suka yi kafin su kai Kance. Maman ya yi kwana goma sha tara a ɗakin ɗiyarsa, an ce har ya yi wa jikokin faɗa a kan ɓarnar ruwa. An binne shi kusa da ubansa. Ƙasar wurin tauri gare ta, sai da suka kira Baƙo ya kama musu haƙa, sannan ya koma baya ya tsaya suka yi sallarsu.

Wata bakwai ke nan bai dawo ba. Yana Arlit yana dako, yana tara na hanya, abin ba ya taruwa. Yakan kira ran Juma'a. Ya ce akwai Kirista huɗu a unguwar da yake, shi ke yi musu karatu, shi da ke bin baƙi da yatsa. Na tambaye shi ko an nuna masa hanyar dawowa, ya ce tukuna, kuma muryarsa ba ta yi mini kama da ta wanda ya yi asara ba. Na ce masa ya ci abinci ya daina yi mini wa'azi da kuɗin waya.

Rakiyatu ta aiko mini da kuka da daddawa ta hannun direban Khamisu. Na karɓa na gode, miya ta yi daɗi, amma kyauta ce, ban cire ko kwano ɗaya ba. Dambun hanya ma na sa shi a kan kwano shida, tunda aiken ɗaya ne, ya zama ɗari da ashirin. Kowace Juma'a in addu'a ta zagayo kaina nakan tuna wa Ubangiji bashin, sauran suna sunkuyar da kai suna danne dariya, su suna ɗauka wasa nake. Har yau bai biya ba. Kowa nakan yanka masa ranar biya, Shi kam ban yanka masa ba.